Fijon Kawu da Motar Alhaji

A filin idin unguwarmu a Kaduna na koyi tuƙi, da wata farar Peugeot 504 ta kawuna, Fijo kamar yadda kowa ke kiranta, wadda kusan sa'ata ce a shekaru. Kawu mutum ne marar yawan magana. Ranar farko, kafin in murɗa makulli, ya zaro hankici daga aljihu ya rufe maleji da shi. Ya ce, "Da kunne ake sa giya, ba da ido ba." Na taka kuloci, na tura giya ta ɗaya, na ɗage ƙafa kamar wanda ya taka garwashi. Mota ta yi tsalle ta mutu. Sau shida tana yi mini haka, har yaran da ke buga ƙwallo a gefe suka bar wasansu suka dawo kallona. A na bakwai Kawu ya dafa gwiwata ya ce, "Kai yaro, a hankali. Akwai wurin da za ka ji ta kama. In ka ji, tsaya nan ka ba ta mai." Na kuwa ji. Wata 'yar rawa ta taso daga tafin ƙafata ta hau har kujera, hancin motar ya ɗan ɗaga, muka fara tafiya. Shekara talatin ke nan, har yau ƙafata ta hagu ba ta manta wurin nan ba.

Yaran yanzu ba za su gane matsayin motar nan ba. A Faransa aka fito da ita a 1968, shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. A 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri da ke Kaduna, wani ɗan Suwidin mai suna Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita, cikin taɓo da ƙura. Turawa sun daina ƙera ta a 1983, mu kuwa muka ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Ita ce motar babban sakatare, ita ce ta tasha, ita ke kai amarya. Amma in ka duba takardarta sai ka yi dariya: silinda huɗu, giya huɗu, nauyi wajen kilo 1,200, ƙarfin injin kuwa bai cika doki 100 ba. Ƙaramar motar da ake saya wa ɗalibar jami'a yau ta fi ta ƙarfi.

Sai an hau hanya ake sanin daɗinta, musamman hanya mai hawa da kwana. Wanda ya taɓa bi ta Hawan Kibo zuwa Jos da mota cike da mutane, ga doya a but, ya san abin da nake nufi. Tun daga ƙasa kake shiri. Ka taho da ƙarfinka a giya ta huɗu, da ka ji muryar injin ta fara kauri kada ka jira ya shaƙe, ka sauko ta uku. Ga tirela a gabanka tana jan ciki tana aman hayaƙi, sai ka yi lissafi: in na fita yanzu, ina da isasshen numfashin da zan wuce ta kafin kwanar can? Yawanci babu, sai ka haƙura ka koma ta biyu ka bi ta a baya. Sitiyarin ba shi da na'urar da ke sauƙaƙa murɗa shi, saboda haka duk abin da tayar gaba ta taka sai ya iso tafin hannunka, tsakuwa ce, kwalta ce da rana ta narkar, ko yashin da ruwan sama ya kwaso ya zube a kwana. In ka shiga kwana da saurin da ya wuce kima, motar za ta kwanta gefe guda, tayoyi su fara 'yar ƙara, ta gargaɗe ka tun da sauran wuri. Duk wannan fa a gudun kilomita 60 ko 70 ne. Ka iso sama riga ta jiƙe, ido na kan allurar zafi, amma ka san kai ka hawo da motar.

Bara Alhaji, wani abokina da muka yi makaranta tare, wanda Allah ya buɗa wa, ya miƙo mini makullin motarsa a Abuja. Makulli dai a suna, don maɓalli ake dannawa. Motar Jamus ce mai ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa kamar kada, doki 600 da ɗoriya. Lahadi ce da sassafe, hanyar filin jirgin sama fayau. Ya ce, "Malam, taka mana, ai ba Fijo ba ce." Na taka. Ban ƙarasa bisimilla ba na ji ƙeyata ta manne da kujera, hanjina ya koma baya, lambobin da ke gabana sun wuce 100. Daƙiƙa uku, ko ma ba su cika ba. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin irin wannan ba, dariya ma ta kuɓuce mini kamar yaro a kan lilo. Na sake, na kuma sakewa. A na huɗu sai na lura babu sauran abin da zan yi. Giya ita ke sa wa kanta, ta kuma fi ni iyawa. Na shiga kwana, ko gezau ba ta yi ba, sitiyarin bai gaya mini komai ba. A kilomita 100, wanda shi ne iyakar da doka ta yarje wa motar gida a babban titi, gyangyaɗi take yi. Da muka shigo unguwa muka tarar da tudun rage gudu, Alhaji ya ce, "Tsaya, tsaya!" Ya danna wani abu hancinta ya ɗaga, muka haye a karkace kamar mai tsallake kwata da sabon takalmi.

Na daɗe ina juya abin a raina. Inda na tsaya shi ne, daɗin tuƙi yana zuwa ne lokacin da mota ta kusa ƙure iyawarta, kai ma ka kusa ƙure taka, kuma jikinka yana jin inda iyakar take. A Fijo iyakar tana nan kusa, a gudun da in ka yi kuskure za ka iya gyarawa. A motar Alhaji tana can nesa, inda ba mai hankalin da zai je neman ta a titin da ake tsallakawa da awaki. Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. In ka ninka gudun, tazarar da birki ke buƙata ba ninki biyu take yi ba, huɗu take yi. Ga Bugatti Chiron da aka fito da ita a 2016, doki 1,500, wadda sai da kamfanin ya ɗaure ta a kilomita 420 a awa. A ina za a sake mata linzami? Su masu ƙera irin waɗannan motoci suna da wuraren gwaji, kamar zagayen Nürburgring a Jamus, mai tsawon sama da kilomita 20, inda ba mai tahowa ta gaba. Mai saye kuwa ya kawo ta cikin gari ya riƙa zuwa ɗaurin aure da ita.

Da ƙarfi ya fi hannun mutum, dole aka sa kwamfuta tsakaninsa da taya. Birkin da ba ya kulle taya ya shigo motocin Mercedes a 1978, na'urar da ke hana mota sulɓewa a kwana ta biyo baya a 1995. Yau in ka taka totur roƙo kake yi, kwamfuta ce za ta duba ta ga ko ya dace. Nauyi ma ya ƙaru: BMW M5 ta 2024 ta haura kilo 2,400, Fijo biyu ke nan a kan taya huɗu. An toshe cikin mota har kukan inji ya daina shigowa, sai ga shi tun M5 ta 2011 ana ƙaro wa direba kukan ta lasifika. Abin ya ba ni dariya da na fara ji. Kawu da ya koya mini sa giya da kunne, da me zai saurara?

Kada a ce ƙorafin tsofaffin Kaduna ne kawai, don masu ƙera motocin ma sun ji a jikinsu. Ferrari da Lamborghini sun daina yin giyar hannu gaba ɗaya. Porsche ta bi sahu a 2013, ta fito da 911 GT3 ba kuloci, tana da hujjarta, don ta fi sauri haka. Masu saye suka yi ta guna-guni. A 2016 ta yi 911 R mai giyar hannu, guda 991 kacal, aka yi wawarsu, kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo a hannun 'yan kasuwa. Shekara guda bayan haka giyar hannu ta dawo GT3. Mutane sun biya maƙudan kuɗi don a ba su motar da ta fi jinkiri, saboda kawai a bar musu aikin yi.

Japanawa sun riga su gano bakin zaren. A 1989 Mazda ta fito da MX-5, 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu, nauyinta bai kai tan guda ba, ƙarfinta bai fi na Fijo da wani abin kirki ba. Manufar da suka ɗora ta a kai suna kiranta jinba ittai, wato doki da mahayinsa su zama abu guda. Duk wanda ya taɓa sukuwa ba ya buƙatar a yi masa bayani: da cinya da linzami kake jin abin da doki zai yi kafin ya yi. Zuwa 2016 sun ƙera miliyan guda. Toyota ma da ta yi 86 a 2012, da gangan ta sa mata irin tayar da ake sa wa Prius, marar riƙo sosai, don mai tuƙi ya ji motar tana motsi a ƙarƙashinsa ba sai ya yi gudun ganganci ba.

Akwai gaskiyar da masu begen tsohuwar mota ba su son ji. Mukan ce ƙarfen da ya fi ƙwari, mu buga ƙofa mu ce ji nan. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora a Amurka ta haɗa Chevrolet ta 1959 da ta 2009 gaba da gaba. Tsohuwar ta lotse har inda direba ke zama, sabuwar kuwa hancinta ne ya murƙushe, mazaunin direba ya tsira. Haka aka tsara ta, gaban ya shanye dukan. Fijon Kawu ba ta da balan-balan ɗin kariya ko guda, kuma kusan kowane gida a Arewa yana da wanda ya rasa a wagon ɗin tasha. In zan kai iyali Kano, sabuwar mota nake ɗauka, ba na ko shawara. Na kuma yarda cewa rabin abin da nake kewa ba motar ba ce, ƙuruciyata ce da hannun Kawu a kan gwiwata.

Motar tana nan a gidansa, ƙarƙashin darbejiya, fentin ya koma ruwan madara. Watan jiya Alhaji ya zo Kaduna biki, muka biya mu gai da Kawu, ya hango ta. Ya durƙusa ya gaisa, sannan ya ce, "Baba, tana tashi kuwa?" Kawu bai ce komai ba, ya miƙa masa makulli. Sau biyu tana mace masa a ƙofar gida, ya yi ta lalube kafin ya sami ribas. Ya ce minti goma zai yi. Sai bayan la'asar muka ji salansarta, ya fito babbar riga a kafaɗa, gumi har wuya, baki har kunne, wai har ya kusa Kujama. Ya sake durƙusawa ya tambayi nawa za a bar masa.

Kawu ya karɓi makullinsa ya jefa a aljihu. Ya ce, "Ba ta sayarwa ba ce, Alhaji. Amma in za ka sake ɗauka, ka duba ruwan lagireto kafin ka fita, ka kuma dawo mini da man da ka ƙone."