Baƙin Bayan Gida Da Ƙarancin Jini Ga Dattawa

'Yan'uwa manoma, idan dattijo ya fara saurin gajiya a gona, tafin hannunsa ya yi fari, bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, kada a ce tsufa ne kawai. Wataƙila jini ne ke zuba a cikinsa. Sau da yawa gyambon ciki ne. Amma akwai wani ciwon da ba a cika saninsa ba.

Ƙananan jijiyoyin jini na jikin ƙaramin hanji sukan kumbura, su yi ta yoyo kaɗan-kaɗan. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60, da masu ciwon ƙoda ko na zuciya. A ƙara wa mutum jini, bayan 'yan watanni ya sāke ƙarewa. Ƙaramin hanji ya kai wajen mita 6, ga shi a nannaɗe. Likita ya toshe wuri ɗaya, wani ya ɓalle.

Yanzu an sami magungunan da ke rage yoyon. A 2023 likitocin ƙasar Sin sun ba da labarin gwajin da suka yi da mutum 150. An ba waɗansu ƙwayar talidomaid wata 4. Cikin masu shan miligiram 100 kullum, kusan 7 cikin 10 zubar jininsu ta ragu da rabi ko fiye. Cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki, ba su kai 2 cikin 10 ba. A ƙasar Holan kuma an gwada allurar oktiriyotaid sau ɗaya a wata, ta rage yawan ƙarin jini.

Amma a yi hattara! Talidomaid ita ce ƙwayar da ta sa aka haifi dubban jarirai da naƙasassun hannuwa da ƙafafu, kafin a janye ta a 1961. Mace mai ciki, ko mai iya ɗaukar ciki, ba ta taɓa ta. Takan kuma kawo barci, da taurin bayan gida, da mutuwar yatsu. Likita kaɗai ke ba da ita.

Ga namu aikin. Wanda ya ga baƙin bayan gida, ya daina shan asfirin da ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan talla, gama suna ƙara zubar jini. In likita ne ya ɗora shi a kan asfirin, ya koma ya tambaye shi. A kai shi asibiti a auna jininsa. Ƙungiya ta taimaka da kuɗin mota. Rigakafi ya fi magani.