Daga Sunkani zuwa kujerar darakta: Wane digiri na biyu ya dace da ma'aikaci?

A Sunkani, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ardo Kola a Jihar Taraba, akwai ƙananan ofisoshin hukumomin tarayya irin waɗanda ake samu a kowace ƙaramar hukuma: na zaɓe, na ƙidaya, na wayar da kan jama'a. Jami'in da ya kai mataki na 12 ko na 13 a irin wannan ofis yana nesa da Abuja, amma tambayar da ke damunsa ita ce ke damun takwaransa na Sakatariyar Tarayya: shin MBA zai yi, ko MPA, ko MSc? Amsar tana cin kuɗi, tana kuma cin shekarun da ba sa dawowa.

Lissafin shekaru

Kafin a zaɓi kwas, ya kamata a fara da ƙirga. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, mai digiri na farko yana shiga ne a mataki na 08. Daga mataki na 07 zuwa na 14, ana shekara uku kafin a cancanci ƙarin girma. Daga na 15 kuwa, shekara huɗu. Da yake babu mataki na 11, wanda bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, bai kuma taɓa rasa gurbi ba, zai yi shekara 18 kafin ya zama mataimakin darakta a mataki na 15, da shekara 26 kafin ya zama cikakken darakta a mataki na 17. Ritaya kuma tana jira a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wadda ta riga zuwa.

Wanda ya kama aiki yana da shekara 30, ke nan, ba zai hau kujerar darakta ba sai yana da 56. Idan ƙarin girma ya wuce shi sau biyu ko uku, sauran lokacin kaɗan ne. Saboda haka kwas ɗin da ya hana mutum shirin jarrabawar ƙarin girma yana iya zama asara, komai kyan sunansa.

Ƙofofi uku

MPA, wato digiri na biyu a harkar mulki, shi ne mafi kusa da aikin jami'in gudanarwa: tsara manufofi, kasafin kuɗi, kula da ma'aikata da dangantakar matakan gwamnati. A Arewa tushensa tsoho ne, domin Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki ta Kongo a Zariya ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello kanta, wadda aka kafa a 1962.

MBA ya fi karkata ga kasuwanci: sarrafa kuɗi, tallata kaya da dabarun kamfani. Yana da amfani ga wanda ke hukumar tara kuɗin shiga ko mai sa ido kan kamfanoni, da wanda ke hangen barin aikin gwamnati. Hadiman 'yan siyasa, waɗanda aikinsu ke ƙarewa ranar da maigidansu ya sauka, sun fi kowa bukatar takardar da za ta yi musu rana a wajen gwamnati.

MSc kuwa na bincike ne, da kundi mai nauyi a ƙarshe. Ya fi wahala ga mai aiki, amma shi ne hanyar digirin digirgir. Jami'o'i da dama ba sa ɗaukar mai MBA ko MPA kai tsaye zuwa digiri na uku, sai ya bi ta MSc ko MPhil. Mai niyyar koyarwa a jami'a bayan ritaya ya san wannan tun yanzu. Mai HND kuma yana da ƙarin tsani, domin galibi sai ya yi babbar difloma ta PGD kafin a ɗauke shi digiri na biyu.

Akwai kuma waɗanda ba digiri ne ya fi musu gaggawa ba. Akanta da ba shi da shaidar ICAN ko ANAN, ko jami'in kula da ma'aikata da ba shi da ta CIPM, zai fi cin riba idan ya fara da ita.

Nisa ma kuɗi ne

Ga mutumin Sunkani, wurin karatu yana da nauyi daidai da sunan kwas. Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, tana Jalingo, inda zai je ya dawo ya kwana a gidansa. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, tana da cibiya a Jalingo. Jami'ar Tarayya ta Wukari, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola suna bukatar doguwar tafiya da kuɗin masauki. Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da MBA ta intanet, sai dai wannan yana dogara ne kan wuta da data, abubuwan da ba su da tabbas a karkara.

Gajeriyar hanya kuwa ta riga ta kunyata mutane. A watan Janairun 2024, gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida. Duk kwas ɗin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ba ta amince da shi ba, takardarsa kaya ce kawai a cikin fayil.

Abin da takarda ba ta yi

Digiri na biyu ba ya ƙara wa kowa girma da kansa. A ma'aikatu, masu neman mataki na 15 zuwa 17 suna zana jarrabawar Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya, kuma ko an ci, sai da gurbi. Sauran hukumomi suna shirya tasu. Abin da ake tambaya shi ne dokokin aiki, ƙa'idojin kashe kuɗi da sanin aikin da mutum yake yi. Cibiyar NIPSS ta Kuru, wadda aka kafa a 1979, ba a shiganta da fom, sai an zaɓi mutum bayan ya riga ya kai sama.

Don haka tsarin a bayyane yake. Ma'aikaci ya fara karanta kundin tsarin aiki na rukuninsa, ya ga takardar da ake lissafawa. Ya nemi izinin karatu a rubuce kafin ya biya ko sisi, domin takardar da aka samo ba da izini ba tana iya daɗewa ba ta shiga fayil ba. Sannan ya duba shekarar da zai zana jarrabawa ta gaba, ya tsara karatun yadda ba za su yi karo ba. Tun ran gini ran zane. Jami'in Sunkani da ya yi wannan lissafi ya riga na Abuja da ya sayi fom don ya ga abokan ofis sun saya.