Auna Rawar Makaranta Wajen Haɗa Kan Jama'a a Ikara, Makarfi da Kudan

A ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan na Jihar Kaduna, firamaren gwamnati tana cikin wurare ƙalilan da ɗan manomi da ɗan makiyayi ke zama a benci ɗaya. Yankin yana ƙarƙashin masarautar Zazzau, galibin mutanensa Hausawa ne Musulmi, amma akwai rugagen Fulani, akwai kuma Hausawa Kirista masu asalin Maguzanci, musamman a ƙauyukan Ikara. Ko makaranta tana ƙulla zumunci tsakanin waɗannan jama'a, takardar sakamakon jarrabawa ba za ta nuna ba.

Ingila ta taɓa mai da wannan aunawa aikin hukuma. Bayan tarzomar Bradford da Oldham ta 2001, an ɗora wa makarantu nauyin haɗa kan al'umma, hukumar Ofsted mai duba makarantu ta riƙa duba shi daga 2008, sannan dokar ilimi ta 2011 ta sauke mata aikin. A waɗannan ƙananan hukumomi kuwa, mai dubawa rajista zai fara buɗewa, ya gwada ta da gidajen da mai unguwa ya sani. 'Ya'yan wa ke ciki, na wa kuma ba sa ciki? Su wa ke ɓacewa ranar kasuwa, ko lokacin saran rake da dafa mazarƙwaila a Makarfi da Hunkuyi? An kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa tun 1989, sai dai makarantar ruga, duk da amfaninta, ba ta haɗa yaron Fulani da na gari a aji ɗaya. Ciyar da ɗalibai da Jihar Kaduna ta fara a 2016 ta cika azuzuwa maƙil, amma cikar aji daban, shaƙuwa daban.

Ma'auni mafi faɗin gaskiya shi ne kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, wanda shirin ESSPIN na Birtaniya ya taimaka wajen ƙarfafawa a jihar bayan fara aikinsa a 2008. A tsarinsa akwai kujerar mai sarauta, malaman addini, mata da ɗalibai. Jerin sunaye ba ya wadatarwa, domin akwai kwamitin da hedimasta da mutum biyu ne ke yanke komai. Abin bincike shi ne littafin taro: an gayyaci arɗo? Liman da fasto sun zauna tare inda ake da mabiyan addinan biyu? Matan da suka halarta sun yi magana, ko sa hannu kawai suka yi? Da iska ta yaye rufin aji, unguwa ɗaya ce ta yi karo-karo ko dukansu?

Darasin addini ma abin lura ne. Inda makaranta ke da malamin addini ɗaya kacal alhali ɗalibanta na addinai biyu ne, wasu yara kan yi zaman banza a gindin bishiya har a buga ƙararrawa, iyayensu kuma suna sane da hakan sarai.