Tsadar Na'urorin Magana Na Tauye Yara Masu Galahanga

Yaro mai lalurar galahanga wanda ba ya iya furta magana, sau da yawa yana sane da abin da yake so, hanyar faɗa ce kawai ta gagare shi. Wannan giɓi ne na'urorin magana suke cikewa: yaro ya taɓa hoton kofi a kan allon na'ura, ita kuma ta ce "ruwa" a madadinsa.

Dabarar ta daɗe. Tun a 1985 Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro tsarin musayar katunan hotuna da ake kira PECS a Jihar Delaware ta Amurka. A 2009 kuma kamfanin AssistiveWare na ƙasar Holan ya fitar da manhajar Proloquo2Go, wadda ta mayar da wayar hannu bakin magana.

Sai dai samun irin waɗannan kayayyaki ya dogara ne ga ƙarfin aljihu. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya nuna cewa fiye da mutum biliyan 2.5 ne ke bukatar kayan tallafi a duniya, kuma kusan biliyan 1 daga cikinsu ba su samu ba.

A Nijeriya, matsalar iri biyu ce. Ta farko, daga waje ake shigo da na'urorin, kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023 duk abin da ake saye da dala ya yi tashin gwauron zabi. Ta biyu, manhajar ta Holan a na'urorin Apple kaɗai take aiki, kuma ba ta magana da Hausa, Yarabanci ko Ibo, alhali da harshen gida yaro yake neman abinci wurin mahaifiyarsa.

Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019 ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Amma gurbi ba zai amfani wanda ya tashi ba tare da hanyar bayyana kansa ba.

Saboda haka, akwai kasuwa a buɗe ga matasan da ke ƙera manhajoji a Yaba da Kano: manhaja mai rahusa, mai aiki a wayar Android ba tare da intanet ba, wadda za ta san tuwo da koko da sunayensu. Kafin nan, katunan hotuna da kowace maɗaba'a za ta iya bugawa su ne mafita mafi sauƙi ga iyaye da malamai.