Kwamfutar Tafi-Da-Gidanka: A San Ciwonta Kafin A Jefa Ta Sito

A cikin rangadin da mu ke yi na makarantu, babu abin da ya ke ɓata mana rai kamar a buɗe mana sito mu tarar da kwamfutocin tafi-da-gidanka jibge bisa kanta, ƙura ta lulluɓe su. In muka tambayi abin da ya same su, amsar ba ta wuce, "Sun ƙi kamawa ne." Alhali kuwa tun shekarar 2015 Hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta shiga manyan makarantu bisa kwamfuta gaba ɗaya. Watau kowace na'ura da ta kwanta a sito, akwai yaran da za su shiga ɗakin jarrabawa yatsunsu ba su saba da madannai ba. Sabo da haka muka ga ya kamata mu yi wa malamai da sauran masu karanta wannan jarida bayanin yadda a ke binciken ciwon wannan na'ura, gama da yawa daga cikin cututtukanta ba su kai a kira gwani ba.

Ƙa'idar binciken ba ta da wuya. A fara daga waje kafin a shiga ciki, a fara da abin da ya fi araha kafin mai tsada, kuma abu ɗaya a ke canjawa a lokaci guda, domin a san wanda ya yi magani.

To, in na'ura ta ƙi kamawa sam, ba fitila ba motsi, caja za a fara tuhuma. A juya bayanta a karanta rubutun da ke jiki. Yawancinsu suna karɓar wutar bango daga bolt 100 zuwa 240, su mai da ita bolt 19 ko 19.5 ko 20, ƙarfinsu kuwa ya kan zama wat 45 ko 65 ko 90. Wutar gidajenmu bolt 230 ce bisa ƙa'ida, amma kowa ya san yadda ta ke hawa da sauka, balle ta ƙaramin janareto, kuma caja ce ta ke fara shan wannan duka. Wanda ya ke da mitar auna wuta sai ya auna bakinta, wanda ba shi da ita ya aro cajar abokin aiki mai irinta ya gwada. Waya kuma ta kan karye daga ciki, fatarta na nan lafiya, musamman a gindin da ta fito daga cajar da kuma kusa da baki, sabo da naɗe ta da a ke yi da ƙarfi. In an motsa wayar fitila ta kawo ta ɗauke, an kama ɓarawo.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Cajojin Dell da HP masu zagayayyen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya, ta nan na'ura ta ke gane ƙarfin cajar. In allurar nan ta karye, kwamfuta tana iya kamawa amma batir ya ƙi cika, har ma ta rage saurin aiki, sai mai ita ya sayi sabon batir a banza. Mai aunawa da mita ya yi hankali kada tsinkenta ya haɗa allurar da gefe. Wajen sayen sabuwa kuwa, tilas bolt ya zo daidai da na tsohuwa. Wat yana iya fi, amma kada ya kasa. Mu dai ba mu ga ribar cajar nan maras nauyi da a ke sayarwa rabin kuɗi ba. Araha ba ta ado, kuma abin da za ta ƙona ya ninka kuɗinta sau da yawa.

In caja lafiya ta ke, sai a zare ta, a cire batir in mai cirewa ne, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, kana a mai da caja kaɗai a kunna. Wannan yana zubar da sauran wutar da ta maƙale a ciki, kuma ya sha tayar da na'urar da aka riga aka yi wa ta'aziyya.

Batir kuwa ba ya dawwama. Irin na litiyam da ke cikin waɗannan na'urori, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ƙarfinsa ya kan fara raguwa sosai bayan an cika shi an ƙarar kamar sau 300 zuwa 500, zafi kuma yana gaggauta tsufansa. Wannan tsufa ne, ba ciwo ba. Abin tsoro shi ne kumburi. In aka ga wurin da a ke jan yatsa ya taso, ko bakin na'ura ya buɗe ba dalili, batir ne ya kumbura. Kada a ƙara sa masa caja, kada a danna shi, kada a huda shi, gama yana iya kama wuta. Ba wasa ba ne: a watan Agusta na 2006 kamfanin Dell ya janye batir miliyan 4.1 daga hannun jama'a sabo da wannan haɗari na gobara.

Wani lokaci kuma na'ura ta kama, fanka tana juyawa, amma allo baƙi ƙirin. A nan tocila ce likita. A haska ta dab da gilashin cikin ɗaki mai duhu. In an hango hoto dishi-dishi, fitilar da ke bayan gilashin ce ta mutu, ko wayar da ke kai mata wuta. Bayan haka a haɗa na'urar da talabijin ta kafar HDMI. In hoto ya fito a can, cikinta lafiya lau, ciwon yana ga gilashi ko siririyar wayar da ta bi ta mahaɗin murfi. Wayar nan tana lanƙwasa duk lokacin da aka buɗe aka rufe, shi ya sa in layuka suna bayyana suna ɓacewa sa'ad da a ke motsa murfin, ita ce abin zargi. In ko talabijin ɗin ma bai nuna kome ba, sai a duba RAM, watau ɗan faifan da na'ura ta ke riƙe aikin da ke hannunta. A buɗe ƙasa, a ware ƙarafuna biyu da ke riƙe da shi, zai taso da kansa. A goge haƙoransa na ruwan zinariya da magogin fensir a hankali, a mai da shi a karkace, a danna har ya ce ƙas. In biyu ne a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai a wasu sababbin na'urori an like shi da dalma, ba ya ciruwa.

Kafin a sa hannu cikin na'ura, a kashe ta, a raba ta da caja da batir, a taɓa wani ƙarfe kamar na taga. A lokacin hunturu jiki ya kan tara wutar nan da ke yin ƙyas in an cire riga, kuma ta isa ta kashe ƙananan kayan ciki. Wadda garantinta bai ƙare ba kuwa, a mai da ita inda aka saya ya fi.

Yanzu mun zo ga babban ciwon ƙasarmu, watau zafi da ƙura. A cikin na'ura akwai wani ɗan bututu na jan ƙarfe da ke kwaso zafi daga ƙwaƙwalwar lissafi ya kai shi ga wasu ƙarafuna masu kama da mataji, fanka kuma ta hura iska ta tsakaninsu zuwa waje. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana taruwa a bakin matajin nan har ta zama kamar auduga. Sai bazara ta biyo baya, zafin gari ya haura digiri 40, iska kuwa ba ta da hanyar fita. Ƙwaƙwalwar lissafi in ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu don ta tsira, in abin ya ci gaba ta kashe kanta. Alamun a fili su ke: fanka tana kuka kamar injin niƙa, iskar da ke fita ba ta da ƙarfi, na'ura ta yi nawa, sa'an nan ta mutu tsakiyar aiki. Mun sha ganin an goge duk abin da ke cikin irin wannan na'ura da sunan korar ƙwayar cuta, a dawo da ita, ciwon na nan, an kuma yi hasarar takardun shekaru. Magani shi ne a buɗe, a share ƙurar da burushi mai laushi, a hura iska. A riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa, kada ta yi gudun da zai lalata ta. In na'urar ta yi shekaru, a goge busasshen maikon da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da jan ƙarfen, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen hunturu, kafin bazara ta kankama. Masu ɗora na'ura bisa katifa ko matashi kuma su sani ƙofofin iskarta a ƙasa su ke.

Faifan ajiya na tsohon yayi yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin waɗannan na'urori, kuma ba ya son girgiza. In aka ji yana ƙas-ƙas, ko na'ura ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, kada a tsaya gyara. A kwashe sakamakon ɗalibai da sauran takardu tun yana numfashi, kana a musanya shi da SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa. A ganinmu babu kuɗin da makaranta za ta kashe wa tsohuwar na'ura da ya fi wannan amfani. Na'urorin Dell da HP ma suna da nasu mai binciken: a Dell a danna F12 lokacin kunnawa, a HP a danna Esc sa'an nan F2, za su auna faifan da RAM su faɗi sakamako.

In kwanan wata yana komawa baya kullum, har shafukan intanet suna ƙin buɗewa, ɗan batir ne mai kama da kwabo ya ƙare, yawanci CR2032 mai bolt 3. In wasu haruffa sun ƙi bugawa, a jona madannai na waje a gani. In kuwa shayi ko kunu ya zube, a kashe na'ura nan take, a kife ta, a raba ta da wuta, kada a kunna "don a gani". Binne ta cikin shinkafa ba ya cire sukarin da zai ci ƙarafunan ciki, wanki ta ke bukata a hannun gwani.

In duk an bi waɗannan ba a dace ba, mai yiwuwa babban allon ciki ne, wannan kuwa aikin mai gyara ne. Sai a rubuta alamun da aka gani da abin da aka gwada a ba shi, a cire faifan ajiya in akwai takardun makaranta a ciki, a rubuta lambar na'urar da girman RAM ɗinta a littafin sito kafin ta fita. In ya ce ya canja wani abu, a nemi ya dawo da tsohon tare da rasit.