Ciwon dajin nono ba iri ɗaya ba ne

Manomin Tabla ya san gero, ya san maiwa. A gona sun yi kama da juna, amma gero yakan nuna da wuri, maiwa kuwa sai ƙarshen damina. Haka ciwon dajin nono yake, wanda ya fi kowane daji kama mata a Nijar. Wani mai gaggawa ne, wani mai nawa. Ido ba ya rarrabe su, hannu ma haka.

Shi ya sa idan mace ta ji ƙullutu a nono, aka tura ta daga Baleyara ko Filinge zuwa Yamai, likita yakan sa allura ya ɗebo ɗan guntun tsoka. Mata da yawa a nan suke tsorata, wai allura za ta watsa ciwon. Ba ta watsa shi. Da guntun nan ake gane ko daji ne, domin yawancin ƙullutai ba daji ba ne. In kuwa shi ne, sai a zuba wa tsokar rini, a duba da madubin likita, a nemi alamominsa.

Alama ta farko tana nuna ko ciwon yana girma da wani sinadari da jikin mace ke yi, mai suna estrojan. Irin wannan ya fi yawa a duniya, kuma sau da yawa shi ne mai nawa. Akwai ƙwaya mai suna tamoksifen da ke toshe masa hanyar abincinsa. Kullum ake shan ta, shekara 5 ko fiye. A kula: shekara 5 aka ce. Wadda ta ji sauƙi ta ajiye ƙwaya bayan damina ɗaya, ta bar wa ciwo ƙofar dawowa. Mai ciki ba ta shan ta.

Alama ta biyu sunanta HER2. Kusan mace 1 cikin 5 masu ciwon tana da ita. Wannan mai gaggawa ne, amma tun 1998 aka samu maganin da ke nufarsa kai tsaye, sai dai yana da tsada ƙwarai.

Akwai wanda ba shi da ko ɗaya cikin alamomin nan. Ana yawan ganinsa a matan Afirka ta Yamma, har da masu ƙuruciya. Tamoksifen ba ta yi masa komai. Sai aiki, da ƙarin ruwan magani mai ƙarfi, da gashi da na'ura, wanda Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa ta fara yi a Yamai a 2021.

Likita yana kuma duban girman ƙullutun, da ko ciwon ya kai kaluluwar hammata. Ƙarami wanda bai yaɗu ba ya fi saurin warkewa, kowane iri ne.

Ƴar uwa, in an ba ki takardar gwaji, da Faransanci za ki gan ta. Ki roƙi likita ya faɗa miki da Hausa ko wane iri ne naki. Ki sa ta cikin leda, ki riƙa zuwa da ita duk ranar ganin likita.