Wa Zai Biya Kuɗin Gadon Asibiti a Jigawa?

A cikin garin Dutse ba a rasa asibitin kuɗi. Mai hali zai shiga, ya ga likita ba tare da dogon layi ba, a saurare shi a tsanake, kuma ba ruwansa da yajin aiki. Amma da zarar an nausa ƙauyukan Miga ko Kiyawa, sai allunan su ɓace. Ba laifin masu asibitin ba ne. Ɗan kasuwa inda ake ciniki yake kafa rumfa.

Ko a birnin ma, ƙarfin asibitin kuɗi yana da iyaka. Idan mota ta kife da mutane, ko jini ya ɓalle wa mai naƙuda, takarda ake rubutawa a tura asibitin Rasheed Shekoni, ko na tarayya da ke Birnin Kudu, ko a wuce na Malam Aminu Kano. A nan ne mai babbar mota da mai amalanke suke jiran likita ɗaya. A Jahun kuwa, tun 2008 ƙungiyar likitocin nan ta MSF take yi wa mata tiyatar haihuwa da aikin yoyon fitsari kyauta a babban asibitin gwamnati. Kyauta ga matan, amma wasu ne a ƙasashen waje suka zaro kuɗin daga aljihunsu.

Jigawa ba ta zauna haka nan ba. A zamanin Sule Lamido aka kafa tsarin Gunduma a 2007, aka haɗa kula da ƙananan asibitoci da manya a hannu guda, sannan ga shirin Haihuwa Lafiya mai kai masu naƙuda asibiti. Duk da haka jihar da kason Abuja take numfashi, kuma can ɗin ma hannu a matse yake. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Shi ya sa fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fita, wani sai ya sayar da akuya, wani gona.

To, ina masu kuɗi?

Dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, ta ɗora kashi 25 cikin ɗari a kan abin da ya haura miliyan 50. Wannan haraji asusun jiha yake shiga. Sai dai ma'aikacin sakatariya ana yanke nasa tun albashi bai iso hannunsa ba, alhali mai loda tirelolin riɗi da zoɓo, ko babban dillalin shanu a Maigatari, da wuya a samu takardar da ta nuna ribarsa. Dokar da ba ta san samun mutum ba, me za ta karɓa?

Masu cewa attajirin Jigawa ba ya son bayarwa ba su duba da kyau ba. Tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi masarautar Dutse ta yi suna wajen tattara zakka, gunduma-gunduma, ana raba hatsi da kuɗi a bainar jama'a. Manomin da ke ɓuya daga jami'in haraji shi ne yake auna zakkarsa ya kai da kansa, don akwai tsoron Allah, kuma yana ganin inda buhunsa ya sauka. Hukumar haraji ba ta da na farkon, amma na biyun ai a hannunta yake.

Zakka za ta iya biya wa matalauci kuɗin tiyata, sai dai tana da rukunin mutane takwas da aka ƙayyade mata, kuma malamai da yawa ba su yarda a gina asibiti da ita ba, balle albashin ungozoma wata-wata. Haka inshorar lafiya, wadda dokar tarayya ta 2022 ta wajabta: hukumar inshorar lafiya ta jihar, JICHMA, tana iya yankar gudummawa daga albashin ma'aikaci, amma manomin gero da ba shi da albashi sai an sami mai biya masa.